Intanet ɗin Gida a Kwamfutar Linux: Me Ke Aiki, Me Ke Ba da Wahala, kuma Laifin Wa?

Idan mutum ya cire Windows daga kwamfutarsa ya ɗora Linux, shin intanet ɗin gidansa zai ci gaba da aiki? Tambayar ta yawaita tun ranar 14 ga Oktoban 2025, ranar da kamfanin Microsoft ya rufe kulawar yau da kullum da yake bai wa Windows 10. Ya bar ƙofar ƙarin shekara ɗaya ta gyare-gyaren tsaro ga wanda ya yi rajista, bayan nan kuwa sai Windows 11. Ita kuma tana da sharuɗɗanta: sai kwamfutar da ke da na'urar tsaro ta TPM 2.0, kuma in ƙwaƙwalwarta ta kamfanin Intel ce, sai daga zubi na takwas zuwa sama. Duk wanda ya san irin laftof ɗin da ke cike da shagunan Beirut Road a Kano ko Banex a Abuja ya san da yawansu zubi na huɗu ne zuwa na bakwai. EliteBook ne da Latitude da ThinkPad na hannu, masu ƙarko, ba abin da ya same su, amma an ce sun tsufa.

Mafitar da ake yawan ba masu irin waɗannan kwamfutoci ita ce Linux, tunda kyauta ce kuma ba ta raina tsohuwar na'ura. Sai dai da zarar an kawo maganarta, wani zai ce, "Ai ba ta kama modem." Mai gyara ya ce rauta ba ta yi da ita. In ka kira layin kula da abokan ciniki, a ce maka su Windows da Mac kaɗai suka sani. A cikin maganganun nan akwai tsohuwar gaskiyar da zamaninta ya wuce, akwai rashin sani, sannan akwai matsala guda ɗaya ta haƙiƙa da har yau take kama mutane. Ita ce ya kamata a ware a gane.

Mece ce Linux, kuma me ya sa ake ce mata buɗaɗɗiya?

Kowace kwamfuta tana da babbar manhajar da ke tafiyar da ita, wadda sauran manhajoji ke zama a kanta. Windows ɗaya ce daga ciki, Linux ma haka. Wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, shi ya fara rubuta zuciyarta a 1991, aka haɗa da kayan aikin shirin GNU da Richard Stallman ya kafa a 1983. Buɗaɗɗiya ce domin rubutun da aka gina ta da shi a fili yake: kowa na iya karantawa, ya gyara, ya raba wa wasu, kuma lasisinta ya wajabta wa wanda ya gyara ya raba da ya buɗe nasa gyaran shi ma.

Shi ya sa take zuwa da sunaye daban-daban. Akwai Debian tun 1993, akwai Ubuntu da ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya fitar a 2004, akwai Linux Mint wadda ta fi sauƙi ga wanda ya saba da Windows. Zuciyarsu ɗaya ce. Ita ce kuma ke cikin kowace wayar Android, ita ce ke tafiyar da mafi yawan manyan kwamfutocin da shafukan intanet ke zaune a kansu. Har akwatin rautar da ke kan teburinka, mafi yawanci wata ƙaramar Linux ce a ciki. Wato wanda ya ce Linux ba ta iya intanet, ta cikin Linux saƙon nasa ya bi ya iso gare ka.

Hanyar da intanet ke bi kafin ya iso ɗakinka

Intanet ɗin Najeriya ta ƙarƙashin teku yake shigowa. Kebul ɗin MainOne da na Glo-1 da suka sauka a Legas sun fara aiki a 2010, WACS da ACE suka biyo a 2012, kebul ɗin Equiano na Google ya iso a 2022. Daga bakin teku sai wayoyin faiba da aka binne a gefen manyan tituna su ɗauko shi zuwa Abuja da Kaduna da Kano da sauran garuruwa. Nijar ba ta da teku, ta maƙwabtanta take samun nata. Mutane da yawa sun fara sanin haka ne ranar 14 ga Maris ɗin 2024, lokacin da kebul huɗu suka lalace a tekun da ke daura da Kwaddebuwa, sabis ya tsaya cik a ƙasashe da dama, har bankuna suka kasa tura kuɗi.

Daga cikin gari zuwa gida hanyoyi uku ne suka fi yawa. Akwai rauta ko ƙaramin MiFi mai ɗaukar layin waya, wanda ke kamo sabis na 4G ko 5G daga turken kamfani. Akwai faiba har cikin gida, wadda ta fi samuwa a wasu unguwannin manyan birane. Akwai kuma tauraron ɗan'adam, musamman Starlink da ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka.

Abin lura a nan shi ne, a duk ukun akwai wani akwati da ke tsaye tsakanin kamfani da kwamfutarka. Akwatin ne ke magana da turke ko faiba ko tauraro. Kwamfutarka da akwatin kaɗai take magana, ko ta Wi-Fi ko ta kebul, kuma ƙa'idojin wannan magana na kowa ne, ba mallakar Microsoft ba ne ko wani kamfani. Da ka haɗa, kwamfutar za ta nemi lambar adireshi, rautar ta ba ta ta hanyar tsarin da ake kira DHCP, shi ke nan. Kamar famfo ne a tsakar gida, ba ya tambayar bokiti wane kamfani ya ƙera shi. Don haka ga mai rauta, girka intanet a Linux bai wuce ya danna alamar Wi-Fi a kusurwar allo ba, ya zaɓi sunan rautarsa, ya rubuta kalmar sirri. In da kebul ne, ko wannan ma babu. Saitin rautar kuwa ta burauza ake shiga, a adireshi irin 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, wanda galibi a rubuce yake a bayan akwatin, kuma Firefox na Linux yana buɗe shi yadda kowace burauza ke buɗewa.

Daga ina tsoron ya samo asali?

Masu cewa Linux ba ta kama modem ba ƙirƙira suka yi ba. A ƙarshen shekarun 1990, masu ƙera modem na layin tarho sun gano hanyar rage kuɗi: su cire wani ɓangare na kayan cikin modem ɗin, su bar manhaja ta yi aikin. Manhajar kuwa ta Windows kaɗai suka rubuta, suka ɓoye bayanan yadda na'urar ke aiki. Wanda ya sayi irin wannan modem ya kai shi Linux, tamkar bai sayi komai ba. Da Wi-Fi ya shigo aka maimaita, har sai da wasu suka rubuta wata dabara mai suna NDISwrapper don a riƙa aron direban Windows ana lallaɓawa da shi.

Mu a nan abin da muka fi tunawa shi ne zamanin modem mai kama da falash, na MTN da Glo da Etisalat da Starcomms. Ka soka shi, wata taga mai launin kamfanin ta buɗe, ka danna maɓallin haɗawa. Dabarar ita ce, modem ɗin da farko yana gabatar da kansa a matsayin faifan CD mai ɗauke da manhajar Windows. Sai manhajar ta girku sannan ta umarce shi ya koma modem. A Linux ba wanda zai ba shi wannan umarni, sai ya zauna a matsayin faifai, mai shi ya ce Linux ba ta gani.

An warware wannan da daɗewa. Wata ƙaramar manhaja mai suna usb-modeswitch ita ke ba da umarnin, ModemManager ta karɓi modem ɗin, NetworkManager ta kula da haɗin gaba ɗaya. Duk ukun suna zuwa a cikin Ubuntu da Mint tun daga girkawa. Amma labarin wahala ya fi labarin gyara nisan tafiya, kuma wanda ya sha wuya a 2010 har yau ita yake ba ƙannensa labari.

Inda matsalar take da gaske: katin Wi-Fi

A cikin kowace laftof akwai wani ɗan kati da bai kai girman akwatin ashana ba, da siraran wayoyi biyu, fara da baƙa, da suka bi ta maƙogwaron murfi zuwa bayan allo. Shi ne katin Wi-Fi. Sunan HP ko Dell da ke jikin murfin bai gaya maka wanda ya ƙera shi ba. Yana iya zama Intel, ko Qualcomm Atheros, ko Realtek, ko Broadcom, ko MediaTek. Laftof biyu masu suna ɗaya, daga shago ɗaya, ana iya samun katinsu daban. Shi ya sa abokinka zai rantse maka Linux ta kama masa Wi-Fi nan take, kai kuma ka ɗora ka rasa ko alamarsa, kuma dukanku gaskiya kuke faɗa.

Katin yana buƙatar abu biyu. Na farko direba, wato manhajar da ke fassara tsakanin Linux da katin. Na biyu famwaya, wata ƙaramar manhaja da ake lodawa cikin katin kansa duk lokacin da aka kunna kwamfuta. Intel na da ma'aikatan da ke rubuta direbansa kai tsaye a cikin zuciyar Linux, don haka katinsa kusan kullum aiki yake yi ba tare da an taɓa komai ba. Wannan albishir ne ga masu EliteBook da Latitude da ThinkPad, domin kwamfutocin ofis galibi katin Intel ake sa musu. Atheros ma ya daɗe da buɗe nasa.

Broadcom ne ya fi ba da ciwon kai. Ya yi shekaru bai buɗe komai ba, sai a 2010 ya fitar da buɗaɗɗen direba ga wasu katunansa, sauran har yau sai an sauke rufaffen direba daban. Za ka same shi a tsofaffin MacBook da wasu Dell da HP na gida. Realtek kuma matsalarsa jinkiri ce: sabon kati ya shigo kasuwa, direbansa bai shiga Linux ba sai bayan wani lokaci. Katin RTL8821CE da ke cikin HP masu araha da yawa ya wahalar da mutane 'yan shekaru kafin sababbin fitowar Linux su zo da direbansa. Daga nan za a ga wani abu da ya saɓa wa tunanin mutane: tsohuwar laftof ta fi sabuwa fil samun sauƙi a Linux.

A ganina laifin a wuyan masu ƙera katin yake. Wanda ya sayar da na'ura ya ɓoye yadda take aiki, shi ya ɗaure mai saye ga babbar manhaja ɗaya. Masu rubuta Linux, da yawansu 'yan sa-kai, sun sha zama suna bin diddigin yadda kati ke aiki ba tare da takardar bayani ko ɗaya ba, don kawai wani da ba su sani ba ya samu shiga intanet.

A cikin gidan Linux ma an yi muhawara mai zafi a kan famwaya. Wani ɓangare, ƙarƙashin gidauniyar da Stallman ya kafa, ya ce duk abin da ba a buɗe ba bai kamata a saka shi ba, ko da Wi-Fi zai ƙi aiki. Masu Trisquel, wani nau'in Linux, a kan wannan ra'ayi suke. Debian ta daɗe tana ware rufaffiyar famwaya daga faifan girkawarta, sabon shiga ya ɗora ya tarar ba Wi-Fi. A 2022 'ya'yan ƙungiyar suka kaɗa ƙuri'a suka sauya, Debian 12 ta fito a Yunin 2023 da famwayar a ciki. Ina girmama masu ra'ayin farko, domin tsayuwarsu ce ta tilasta wa kamfanoni da dama buɗe abin da suka rufe. Amma ɗalibin da ke da laftof ɗaya tal, da jarabawa a gabansa, ba shi ya kamata ya biya kuɗin wannan tsayuwa ba.

Gwada kafin ka goge

Linux tana da wata falala da ke kashe rabin wannan fargaba: ana iya kunna ta daga falash ba tare da an taɓa Windows ɗin da ke ciki ba. Ka sauke fayil ɗin girka Linux, ka rubuta shi a falash da manhajar Rufus ko Ventoy, ka kashe kwamfutar, ka kunna kana danna F9 in HP ce, F12 in Dell ce ko Lenovo, ka zaɓi falash ɗin. Linux za ta buɗe cikakkiya. Duba kusurwar allo. In ka ga jerin sunayen Wi-Fi na gidanka da na maƙwabta, magana ta ƙare, bayan girkawa ma haka zai kasance.

In ba ka gani ba, buɗe tagar umarni da ake kira Terminal ka rubuta lspci, ko lsusb in katin na sokawa ne. Za ka ga layin da ya ambaci sunan kamfanin da lambar katin. Wannan lamba ita za ka nema, ba sunan laftof ba. Kafin nan ma rubuta rfkill list, domin sau da yawa katin lafiyarsa ƙalau, wani maɓalli ne a gefen laftof ɗin ko a jerin F aka danne ya kashe shi.

To, ga tarkon: direban yana intanet, kai kuma ba ka da intanet sai da direban. Mafitar tana aljihunka. Haɗa wayarka ta Android da kebul ɗin caji mai ɗaukar bayanai, shiga saitin hotspot, kunna rabawa ta USB. Linux za ta ɗauke ta a matsayin haɗin kebul, ba ta buƙatar komai. Ko ka ja kebul daga bayan rauta zuwa laftof. Daga nan a Mint ka buɗe Driver Manager, a Ubuntu ka buɗe Additional Drivers, za su nuna direban da ya dace, ka danna, ka sake kunnawa. In lokacin sake kunnawar wani shuɗin allo ya fito yana maganar MOK, kada ka tsallake shi. Tsarin Secure Boot ne ke neman izininka kafin ya bar direban ya yi aiki, kuma mutane da yawa a nan suke tuntuɓe: sun girka daidai, sun tsallake shuɗin allon, Wi-Fi ya ƙi zuwa.

In duk ya gagara, akwai ƙananan Wi-Fi na sokawa a kasuwa. Sai dai a yi hattara da kwali. TP-Link TL-WN722N na farko ƙwayar Atheros ke cikinsa, na biyu da na uku kuma Realtek, alhali suna ɗaya, kamanni ɗaya, ɗan rubutun v1 ko v2 ne kawai a jikin takardar baya. Mafi aminci ka je shagon da laftof ɗinka, a soka a gabanka. Sauya katin ciki zuwa na Intel ma hanya ce, amma wasu tsofaffin HP da Lenovo ba sa karɓar katin da ba ya cikin jerin da kamfanin ya amince da shi.

Wanda ya bar Windows da Linux a kwamfuta ɗaya kuma, ya kashe Fast Startup a Windows. Wannan saiti ba ya barin kwamfuta ta mutu gaba ɗaya, wani lokaci yakan bar katin a halin da Linux ba za ta iya tayar da shi ba.

Modem na sokawa, faiba da tauraro

Modem mai kama da falash iri biyu ne yanzu. Sababbi, irin na Huawei da ake kira HiLink, ƙananan rautoci ne: ka soka, ka shiga 192.168.8.1 ta burauza. Tsofaffi kuma sai ka ƙirƙiri haɗi a sashen Mobile Broadband, ka zaɓi ƙasa da kamfani. In jerin bai cike maka APN ba, wato sunan mashigar data ta kamfanin, ka rubuta da hannu: na MTN a Najeriya web.gprs.mtnnigeria.net ne, na Glo kuma gloflat. Tagar kamfani mai launi ba za ta buɗe ba, amma manhajar Modem Manager GUI tana karanta saƙonni, tana kuma tura lambobi irin *323# na duba ragowar data. In modem ɗin a kulle yake ga kamfani ɗaya, a kowace babbar manhaja a kulle yake, wannan ba ruwan Linux.

A faiba, ma'aikata ne ke zuwa su kafa akwatin da zaren ke shiga, su saita sunan shiga da kalmar sirri na PPPoE a cikinsa, wato tsarin da kamfani ke tantance mai layi da shi. Nemi su rubuta maka biyun a takarda kafin su tafi, domin ranar da aka danna ɗan ramin sake saiti na bayan akwatin, su za ka nema. Linux ma tana iya yin PPPoE da kanta ta nm-connection-editor, amma ba dalilin yin haka a gidan da waya biyar ke jiran Wi-Fi.

Starlink da manhajar waya ake saita shi, daga nan Wi-Fi ne kamar kowane. Abin dubawa biyu ne: rautarsa ta zubi na biyu ba ta da ramin kebul sai an sayi mahaɗi daban, sannan babban farantin yana cin wuta tsakanin wat 50 zuwa 100 gwargwadon samfuri, alhali rautar 4G da ɗan ƙaramin batir mai bolt 12 takan yi sa'o'i bayan an ɗauke wuta.

An haɗa, amma shafi ya ƙi buɗewa

Gwaji uku ne a jere. A Terminal, rubuta ping da adireshin rautarka. In ba amsa, matsalar tsakaninka da akwatin take. In ya amsa, gwada ping 1.1.1.1, in ba amsa, ko data ta ƙare ko sabis ɗin kamfani ya faɗi, kuma wayarka ma za ta shaida. In wannan ya amsa amma ping google.com ya ƙi, to DNS ne, wato tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa lamba. Sai ka shiga saitin haɗin ka sa 1.1.1.1 ko 8.8.8.8.

Duba agogo ma. Tsofaffin laftof da ƙaramin batirin cikinsu ya mutu sukan farka da kwanan wata na shekarun baya, burauza kuwa ba ta yarda da takardar tsaron shafi in kwanan wata bai yi daidai ba. Mutum ya yi ta zagin sabis alhali gyaran na daƙiƙa talatin ne.

Sai rikicin lambobi. Kamfani da megabit yake talla, kwamfuta da megabait take nuna saurin saukewa, kuma bit takwas ne ke yin bait ɗaya. Wanda ya sayi megabit 20 ya ga fayil na sauka da megabait 2.5 a daƙiƙa, abin da ya biya ya samu. Haka nan sunan Wi-Fi mai 5G a ƙarshe, sau da yawa zangon gigahaz 5 ake nufi, ba sabis na 5G ba. Ya fi gigahaz 2.4 sauri amma ba ya ratsa bangon bulo sosai, wasu tsofaffin katuna kuma ba sa ganinsa sam.

Inda kuɗin talaka ke tafiya

Ga yawancin gidaje, abin da ya fi direba muhimmanci shi ne data. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince kamfanoni su ƙara farashi har kashi 50 cikin ɗari. Tsarin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya yi burin megabit 25 a birane da 10 a karkara, amma mafi yawanmu har yanzu da awo muke saye, kuma ko wanda ake kira mara iyaka yakan rage gudu bayan an kai wani adadi.

Fayil ɗin Ubuntu 24.04 ya kusa gigabait 6, na Mint bai cika 3 ba. Ba dole kowa ya sauke nasa ba: falash ɗaya ya ishi unguwa, kuma halal ne a doka, lasisin ma ƙarfafa hakan yake yi. Bayan girkawa akwai sabuntawar farko mai nauyi, gara a yi ta da datar dare ko inda ake da faiba. Daga nan shiga saitin haɗin ka sa alamar Metered connection, wato sanar da kwamfuta cewa datarka a ƙidaye take. A Ubuntu, wani rukunin manhajoji da ake kira snap sukan duba sabuntawa sau huɗu a rana su sauke da kansu. Umarnin sudo snap set system refresh.metered=hold yana dakatar da su a irin wannan haɗi. Mint ba ta girka sabuntawa sai ka ce, wanda a wurina babban dalili ne na fifita ta ga mai ƙaramar data. Ɗora vnstat kuma, za ta riƙa lissafa maka abin da kwamfutar ta ci a rana da wata, ka samu abin kwatantawa da lissafin kamfani. Makaranta ko shago mai kwamfuta da yawa na iya kafa apt-cacher-ng a guda ɗaya, ta sauke sabuntawa sau ɗaya sauran su ɗiba daga gare ta.

Amma jinkirtawa daban, dainawa daban. Wanda ya gudu daga Windows 10 don an daina toshe mata ɓaraka, sannan ya ƙi sabunta Linux don tsimin data, bai tsere wa komai ba.

Kamfanoni, masu gyara, da rautar da ba mai kula da ita

Idan ma'aikacin kamfani ya ce ba sa tallafa wa Linux, abin da yake nufi shi ne takardar da aka ba shi ba ta da matakanta. Kamfanonin suna da hujjarsu: masu amfani da ita a kwamfutar gida kaɗan ne, nau'o'inta kuma da yawa. Duk da haka kalmar tana ɓatar da mutane, domin mai saye yana jin an ce ba zai yi aiki ba. Shafi ɗaya na bayani, har da Hausa, zai wadatar. Kafin su yi, in za ka kai ƙara ka yi magana a kan akwatin: wace fitila ce ta koma ja, me shafin rautar ya nuna, waya ma ta kasa ko ba ta kasa ba.

Masu gyara kuma, da yawansu Windows suka koya a wurin ubangidansu, kuma mutum ba ya tallan abin da bai iya ba. Wanda ya zauna ya koyi matakan nan a cikinsu, kasuwa na jiransa, domin kwamfutocin da Windows 11 ta ƙi ba za su ɓace daga gidajen mutane ba.

Wurin da aka fi sakaci shi ne rautar kanta. Kalmar sirrin Wi-Fi daban take da ta shiga saiti, kuma ta biyun a gidaje da yawa har yau admin ce kamar yadda ta fito daga kwali. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye dubban ɗaruruwan rautoci da kyamarori ta hanyar gwada irin waɗannan kalmomi, aka yi amfani da su aka durƙusar da manyan shafuka a Amurka. Yawancin na'urorin nan Linux ce a cikinsu, wanda ke nuna buɗaɗɗiyar manhaja ba laya ba ce. Sauya kalmar, zaɓi tsarin tsaron Wi-Fi na WPA2 ko WPA3, kashe WPS, wato saitin haɗawa ba tare da rubuta kalmar sirri ba. Mai son ya mallaki rautarsa sosai yana iya ɗora mata OpenWrt, wata Linux ta rautoci wadda ta samo asali a 2004 bayan an matsa wa Linksys ya buɗe rubutun rautarsa WRT54G kamar yadda lasisi ya tanada. Sai dai yawancin rautocin da kamfanonin waya ke sayarwa da tambarinsu ba sa cikin jerin waɗanda take karɓa, don haka a duba samfurin a shafin OpenWrt kafin a taɓa komai, domin kuskure a nan yana iya kashe akwatin gaba ɗaya.